"Kawo Min Waƙarsu Uku": Mata, Maza da Soyayya a Gidan Masoya Kiɗan Metal da Furog

Ga rubutaccen shirin wannan makon, saboda waɗanda data ba ta bari sun saurara ba. Yau tafiyar da nisa, har Ingila da Amurka za mu je, amma daga tulin gwanjo za mu tashi.

Ina aji biyu a jami'a na sayi wata baƙar tishat a wajen 'yan gwanjo. A gabanta an rubuta Iron Maiden, ƙarƙashin rubutun kuma ga hoton wani dodo mai yagaggen baki. Wallahi ban san ko su wane ne ba, yadin ne kawai ya yi min, ga araha. Wata rana da daddare na saka ta, na yafa gyale na tafi aji karatu. Sai wani ɗan ajinmu da ya yi sakandare a ƙasar waje ya tsaya a kaina ya ce, "Ke kin ma san su? Kawo min waƙarsu uku." Ko ɗaya ban kawo ba. Ya yi 'yar dariya ya wuce. Bayan kamar sati biyu na ga wani yaro da rigar Metallica, ita ma da gani gwanjo ce, sai ga mutumin nan ya miƙa masa hannu yana cewa, "Kai mutumina, ashe kana ji." Shi ba a yi masa jarrabawa ba.

Haushi ne ya sa na fara sauraron kiɗan, daga baya na koma karanta tarihinsa. A nan na gane cewa tun kafin a haife mu, ni da ɗan ajin namu, mata masu son wannan kiɗan suke amsa irin wannan tambayar. Abin da ya fi ɗaure min kai shi ne masu yin ta. Yawancinsu yara ne da suka taso ana yi musu dariya a makaranta, ana ce musu mahaukata ko 'yan shaiɗan saboda dogon gashi da baƙaƙen kaya. Suka haɗu suka gina gida na waɗanda aka ware. Da ginin ya tsaya, sai suka ajiye mai gadi a ƙofa.

Bari mu fara da kiɗan kansa, don na san da yawanku ba ku saba da shi ba. A watan Oktoban 1969 wata ƙungiyar mawaƙa ta Landan mai suna King Crimson ta fitar da faifanta na farko, In the Court of the Crimson King. Mutane da yawa daga nan suke fara lissafin salon da masoyansa ke kira furog. Kiɗan rok ne da aka cusa masa jaz da tsohon kiɗan Turai na manyan ɗakunan taro, ana jan waƙa ɗaya kamar ba za ta ƙare ba. Waƙar "Supper's Ready" ta ƙungiyar Genesis, ta 1972, minti 23 ce cur. Wata huɗu bayan faifan King Crimson, ranar 13 ga Fabrairun 1970, Black Sabbath suka fitar da nasu daga Bamingham, garin masana'antu. Mai jitarsu, Tony Iommi, injin yankan ƙarfe ya datse masa kan yatsu biyu yana ɗan shekara 17. Daga baya ya sassauta tsirkiyar jitar don ya rage wa yatsun zafi, sai sautin ya yi nauyi ya yi duhu. Wannan nauyin shi ne tushen metal, wato kiɗan ƙarfe.

Ku lura da inda kowanne ya fito. Metal ɗan unguwar leburori ne. Genesis kuwa a Charterhouse aka kafa ta a 1967, makarantar kwana ta 'ya'yan masu hali, wadda a lokacin maza ne zalla. Ɗaya talaka, ɗaya ɗan gata, amma duk biyun a majalisar maza suka girma. Kuma kowace majalisa da kuɗin shigarta. A gidan metal ana auna ka da ƙarfi da juriya: wace ƙara kunnenka zai ɗauka, wace turereniya jikinka zai jure a gaban dandamali. A gidan furog da ilimi ake auna ka: wa ya kaɗa ganga a faifan kaza, wace shekara wane ya bar ƙungiya. Duk wadda ta taɓa cewa ita 'yar Arsenal ce a gaban 'yan gidan kallo, aka ce ta faɗi sunan gola, ta san zancen da nake yi.

Wata masaniyar zamantakewa a Amurka, Deena Weinstein, ta rubuta littafi kan masoya metal a 1991. Ta ce jigon jama'ar samari ne, fararen fata, 'ya'yan masu aikin ƙarfi. Bayan shekara biyu Robert Walser ya fitar da Running with the Devil, inda ya lura da wani abu da ya tsaya min a rai. Ya ce hanya ɗaya da wannan kiɗan ke bi ya kauce wa fargabar da samari ke ji game da mata ita ce ya ƙirƙiri duniyar da babu mace a cikinta kwata-kwata. Ku duba abin da ake waƙa a kai: yaƙi, mutuwa, dodanni, taurari, tsofaffin sarakuna. Saurayin da bai iya yi wa yarinya magana ba, ya samu wurin da ba sai ya yi ba. Ni ban ga laifin wannan ba, kowa yana da inda yake fakewa. Matsalar tana farawa ne ranar da mace ta shigo ta ce ita ma nan take son zama.

Kuma sun shigo tun da wuri. Sonja Kristina tana gaban Curved Air tun 1970, Annie Haslam ta shiga Renaissance a 1971. A 1978 mata huɗu a Landan suka kafa Girlschool, suka yi rangadi da Motörhead, a 1981 kuma faifan haɗin gwiwarsu ya kai na 5 a jerin waƙoƙin Birtaniya. Amma babban bikin Monsters of Rock da aka fara a Donington a 1980 sai da ya kai 1986 kafin mace ta hau dandamalinsa tana jagorantar ƙungiya, wato Doro Pesch 'yar Jamus da ƙungiyarta Warlock.

Wannan a sama ke nan. A ƙasa, cikin 'yan kallo, akwai wata shaida da nake so ku riƙe, don za mu dawo kanta. Ranar 31 ga Mayun 1986 wasu samari biyu suka ɗauki kyamara suka shiga filin ajiye motoci na wani babban zauren wasa a jihar Maryland ta Amurka, ana jiran Judas Priest su fara wasa. Ɗan fim ɗin da suka haɗa, Heavy Metal Parking Lot, bai kai minti 20 ba, amma mata ne ko'ina a cikinsa, suna ihu, suna faɗin wanda suka fi so. Har wata budurwa aka tambaye ta me za ta yi in ta ga mawaƙin ƙungiyar, Rob Halford. Ba ta ɓoye-ɓoye ba, ta faɗi ƙarara cewa sha'awarsa take.

To, matan suna nan. Ƙofa biyu kawai aka buɗe musu. Ko dai ki zama kamar namiji, ki sa baƙar riga da wando, ki haddace tarihi fiye da su, a ce "ai wance ba kamar sauran mata ba ce", wai yabo ke nan. Ko kuma ki yi kwalliyarki, a yanke hukunci cewa saurayinki kika rako, ko mawaƙin kike bi. Masu bin mawaƙa don soyayya ko kwanciya, waɗanda Turawa ke kira gurupi, tabbas an yi su. Ɗaya daga cikinsu, Pamela Des Barres, ta rubuta tarihinta a 1987 ba tare da jin kunya ba, ta ce zaɓinta ne. Sai dai a birnin Los Angeles na shekarun 1970 wasu daga cikin waɗannan 'yan matan ba su kai shekara 16 ba, manyan taurarin rok suna hulɗa da su, ana ba da labarin kamar wata bajinta. Yau sunan abin cin zarafin yara. Kuma wannan tabon na gurupi, duk wata mace da ta sayi tikiti da kuɗinta sai da aka shafa mata shi.

A shekarun 1980 abin ya ɗauki wani salo mai ban dariya. An buɗe tashar MTV a 1981, waƙa ta koma abin kallo. A Los Angeles ƙungiyoyi irin su Mötley Crüe da Poison suka ɓullo da jan baki da hoda da gazal, gashi a taje ya tashi sama. Ku nemi bangon faifan Poison na 1986 ku gani, wallahi sai kun rantse 'yan mata huɗu ne. Ba su suka fara ba ma. Tun a Satumban 1972 Peter Gabriel na Genesis ya fito dandamali a birnin Dublin sanye da jar rigar matarsa da kan yanyawa, ba tare da ya sanar da sauran 'yan ƙungiyar ba. Amma shi an ɗauke shi a matsayin wasan kwaikwayo. Su kuwa 'yan Los Angeles da kwalliyar mata suke waƙar farautar mata, kuma 'yan mata suka yi dafifi a wasanninsu, faifai ya sayu ba wasa.

Nan fa gida ya rabu. Masu son kiɗa mai sauri da zafi, irin na Metallica da Slayer da Exodus, suka ce waɗancan jabu ne, 'yan daudu ne kawai da jita. Kalmar "jabu" ta zama babban zagi a gidan. In kun tona za ku ga me ake nufi da jabu: mai kwalliya, mai waƙar soyayya, wanda mata suka cika wasansa. Wato yawan mata a wuri shi ne shaidar cewa wurin ya lalace. Gwano dai ba ya jin warin jikinsa, don su a ganinsu kiɗa suke karewa.

Ita soyayya kuwa ba ta jin kora. Metallica ɗin da ake taƙama da su, a 1984 suka saka "Fade to Black", waƙa mai farawa da sanyi, wasu masoyansu suka ce sun sayar da kansu. A 1991 suka ƙara da "Nothing Else Matters", wadda James Hetfield ya rubuta yana kewar budurwarsa a kan hanyar rangadi, har da farko bai so sauran 'yan ƙungiyar su ji ta ba. Yau ita ce waƙar da ma'aurata masu son metal ke yawan sawa a bikinsu. A ɓangaren furog labarin ya fi daɗi. A 1985 Marillion suka fitar da "Kayleigh", mawaƙinsu Fish yana ba wa tsohuwar budurwa haƙuri. Waƙar ta kai na 2 a Birtaniya. Kafin nan da wuya ka ji mai wannan sunan, bayan nan kuwa iyaye suka dinga raɗa wa 'ya'yansu mata shi, har ya shiga cikin sunayen da aka saba ji. Jama'ar da aka ce ba ruwansu da soyayya, sai ga shi waƙar ban haƙuri ta kai su ga raɗin suna.

Yaya masoyan kansu suke haɗuwa? Ku tuna ba intanet. Yaro ɗaya ne tal a ƙauyensu mai jin wannan kiɗan, yarinya ɗaya ce tal a makarantarsu. Mujallu irin su Kerrang!, wadda aka fara bugawa a 1981, suna da shafin neman abokan wasiƙa: ka rubuta shekarunka da ƙungiyoyin da kake so da adireshi. Ga kuma musayar kaset ta gidan waya, wadda ta haka ne kaset ɗin gwaji na Metallica na 1982 ya zagaya duniya kafin su samu kamfani. Mutum ya zauna ya zaɓo waƙoƙi ya naɗa a kaset ya rubuta sunayensu da biro ya aika wa wata, ai ba sai ya ƙara da komai ba. Iyayenmu da suka yi zamanin zaɓi-sonka a rediyo sun san wannan yaren. Abota ta ƙullu ta haka, wata ta zama soyayya.

Amma ko a cikin soyayyar, tsohuwar tambayar tana nan. In aka ga saurayi da budurwa a wajen wasa, ana ɗauka shi ya koya mata. Ƙungiyar Rush ta Kanada har tambari aka yi mata cewa ta maza ce, ana barkwanci wai a wasansu ne kaɗai layin banɗakin maza ya fi na mata tsawo. Fim ɗin I Love You, Man na 2009 a kan wannan ya gina wata fitowa: ango mai jiran gado ya kai amaryarsa wasan Rush, ya manta da ita a tsaye, shi da abokinsa suna ta kaɗa jitar iska. An yi dariya, amma mata masu son Rush tun faifan 2112 na 1976 su ne fim ɗin ya share, kamar ba a taɓa yin su ba.

Yanzu mu zo kan ɓangaren da na san wasunku za su ɗaga gira. Tarihi nake ba ku. Matsayin addininmu da dokar ƙasarmu kan neman jinsi sananne ne, ba shi na zo tattaunawa ba. Amma ba yadda za a ba da wannan labarin a tsallake Rob Halford, sai dai in ƙarya za a yi.

An haife shi a 1951, ya girma a Walsall kusa da Bamingham, ya shiga Judas Priest a 1973. Wajen 1978 ƙungiyar ta koma sa baƙar rigar fata mai ƙusoshi, shi kuma yana hawowa dandamali a kan babur, da bulala a hannu. Wannan shigar ta zama kakin gidan metal gaba ɗaya. Miliyoyin samari suka sa ta don su nuna su cikakkun maza ne, suna kiran Halford ubangijin metal. Shi kuwa duk tsawon lokacin nan maza yake nema, 'yan ƙungiyarsa sun sani, masoya ba su sani ba. A 1977 ma ya rubuta waƙar "Raw Deal" da ta ambaci Fire Island, wani tsibiri kusa da New York da ya yi suna a matsayin matattarar masu neman jinsi. Shekara 20 ana rera ta, kusan ba wanda ya lura.

Akwai maganar da ake yawan yi cewa daga gidajen rawar masu neman maza ya ɗauko rigar fatar. A littafin tarihin rayuwarsa, Confess, na 2020, shi da kansa ya musanta. Ya ce sun zaɓe ta ne don ta dace da zafin kiɗan. Abin da bai musanta ba shi ne tsoro. Ya yi imani cewa in maganar ta fito, ƙungiyar ta mutu, abincin mutane da yawa ya zube. Ya faɗa shaye-shaye har sai da aka kwantar da shi a gidan gyaran hali a Janairun 1986. Ku haɗa kwanan watan: wata huɗu da 'yan kwanaki bayan nan ne budurwar can ta filin ajiye motoci take gaya wa kyamara irin son da take yi masa. Ita tana son mutumin da ta zana a ranta, samarin da ke gefenta suna kwaikwayon mazantakar da suka zana a nasu ran, shi kuma yana bayan dandamali yana fama da kansa. Tsoron nasa kuma yana da dalili. A 1989 an ɗauki hoton mawaƙin Skid Row, Sebastian Bach, da riga mai rubutun izgili ga masu neman maza da ƙanjamau ke kashewa, abin da ya nemi afuwa a kai daga baya.

A Fabrairun 1998, yana hira da MTV, lokacin ya bar Judas Priest da shekara shida, Halford ya faɗi maganar da bakinsa, ba tare da ya shirya ba. Gidan bai rushe ba. A 2003 ya koma ƙungiyar, filaye suka ci gaba da cika. Masoya metal suna son kawo wannan a matsayin hujjar cewa gidansu na kowa ne. Ni ina da ja. Halford ya riga ya ci jarrabawar shekara 25 kafin ya yi magana, ba mai iya ce masa jabu. Ku dubi waɗanda ba su da wannan rigar kariya. A shekarar 1998 ɗin dai Doug Pinnick, baƙar fata ɗan Amurka mai jagorantar King's X, ƙungiyar da ta haɗa furog da metal, ya faɗi irin wannan maganar. Shagunan kayan Kirista da ke sayar da faifansu suka janye shi. Paul Masvidal da Sean Reinert na ƙungiyar Cynic, waɗanda faifansu Focus na 1993 ya zama makaranta ga masu haɗa metal da jaz, sai a 2014 suka yarda suka yi maganar a jarida. A Norwe kuwa abin ya kai ga jini. A Agustan 1992, a garin Lillehammer, makaɗin gangar ƙungiyar Emperor, wanda ake kira Faust, ya daɓa wa wani mai neman maza wuƙa har ya mutu. An yanke masa ɗaurin shekara 14, ya fito a 2003, daga baya ya koma hawa dandamali, ana tafa masa. Ko me mutum ya yarda da shi, rai ne aka kashe a daji da dare, kuma wasu masoya har yau suna ba da labarin kamar wani ɓangare na kwarjinin kiɗan. Wannan abin ƙyama ne.

Mu koma kan mata, don akwai batun jiki. A wasan metal akwai filin turereniya a gaban dandamali, akwai kuma al'adar ɗaga mutum sama ana miƙa shi hannu zuwa hannu. Filin yana da dokarsa mai kyau: duk wanda ya faɗi, a tsaya a ɗaga shi. Amma macen da aka ɗaga sama ta san akwai hannuwan da ba taimako suka zo yi ba. A bikin Woodstock na Yulin 1999 a jihar New York, inda manyan ƙungiyoyi masu kiɗa mai nauyi suka yi wasa, 'yan sanda sun binciki ƙorafe-ƙorafen fyaɗe, shaidu kuma suka ce wasu a tsakiyar taron aka yi su. Sai a Agustan 2017, a bikin Lowlands na ƙasar Holan, aka ga Sam Carter na ƙungiyar Architects ya tsayar da wasa ya yi kaca-kaca da wani da ya gani yana taɓa ƙirjin wata yarinya. Bidiyon ya zagaya duniya, wanda shi kansa ya nuna muku yadda abin yake baƙo.

Don adalci, ga ɗaya gefen. Wata mai bincike a Ingila, Rosemary Lucy Hill, ta fitar da littafi a 2016 bayan ta yi hira da mata masoya wannan kiɗan, ta kuma bi shafin wasiƙun Kerrang! na shekaru. Da yawa daga cikin matan sun ce sun fi samun natsuwa a wasan metal fiye da gidajen rawa na gama-gari, ba a cika damunsu ba. Na yarda da su, ba ni da hurumin ƙaryata abin da mace ta ce ta ji a jikinta. Amma Hill ta nuna cewa wannan labarin na "mu duk ɗaya ne a nan" shi kansa yana toshe baki. Wadda aka yi wa ba daidai ba sai ta yi shiru, kar a ce ta zo ɓata sunan dangi. Mun san irin wannan shirun.

Daga shekarar 2000 ƙofar ta fara faɗaɗa. Angela Gossow, 'yar Jamus, ta shiga Arch Enemy tana gurnani irin wanda aka ɗauka maƙogwaron namiji ne kaɗai ke iyawa, har da yawa da suka fara ji ba su gane mace ba ce. Sai kuma aka ƙirƙiro wani akwati mai suna "metal mai mace a gaba", aka zuba ta a ciki tare da Tarja Turunen ta Nightwish, mai muryar opera. Kiɗansu bai haɗa komai ba, jinsi ne kawai ya haɗa su. Laina Dawes, baƙar fata 'yar Kanada, ta sa wa littafinta na 2012 sunan tambayar da aka fi yi mata a wajen wasa, wato me kike yi a nan. Ita jarrabawa biyu take rubutawa, ta mace da ta launin fata.

Waɗanda suka fi burge ni 'yan mata uku ne daga Garut, a yammacin tsibirin Java na Indonesiya. A makarantar Islamiyya suka haɗu, suka kafa Voice of Baceprot a 2014, da hijabinsu suke kaɗa metal. A gida sun sha zagi da barazana daga masu ganin abin bai dace da 'ya mace ba. Da suka je rangadin Turai a 2021, mawaƙiyarsu Marsya ta yi ƙorafi a kan dandamali cewa 'yan jarida ba sa tambayarsu kiɗa, hijabi kawai suke tambaya, kamar nunin kaya suka zo. Wato can ma akwai mai gadi, tambayarsa ce kawai ta bambanta. Sun hau dandamalin Wacken na Jamus a 2022, a 2024 kuma suka zama ƙungiyar Indonesiya ta farko da ta yi wasa a Glastonbury.

Ita kuma Rush, ƙungiyar maza zalla ta masu barkwanci? Makaɗin gangarsu Neil Peart, wanda masoya furog ke ɗauka kamar ba a taɓa yin irinsa ba, ya rasu a Janairun 2020. A Oktoban 2025 sauran biyun, Geddy Lee da Alex Lifeson, suka sanar da cewa za su koma rangadi, kuma wadda za ta zauna a kujerar gangar ita ce Anika Nilles, mace, 'yar Jamus. Na so a ce ina da lambar ɗan ajin namu ranar.

Waƙa ukun dai yanzu ina da su: "The Trooper", "Fear of the Dark", "Hallowed Be Thy Name". Dodon jikin rigar ma ashe suna gare shi, Eddie. Rigar kuwa ƙanena ne ya gaje ta. Shekara uku ke nan yana yawo da ita a gari, bai san waƙarsu ko ɗaya ba, kuma na tambaye shi, ya ce ba wanda ya taɓa tsayar da shi.

Sai mun haɗu a shiri na gaba.